Hancin da ke Cikin Salansa

Ranar Talata a Kurmin Mashi,
yayyafi na kaɗa kwanon gareji,
Jatau direba ya shigo da ita a hankali,
baƙa wuluk, ƙirar Jamus,
ya daidaita ta kan ramina, ya ja birki.

Ya ce maigida ya gaji da wata 'yar fitila,
rawaya, kamar idon mage a bayan sitiyari.
Tun daga Abuja take kallonsa.
"A kashe ta kafin La'asar,
gobe akwai ɗaurin aure a Malali."
Ya miƙo makulli, ya ja tsaki.

Na jona kwamfuta, ta ba ni lamba.
Yunana yarona ya haska tocila, na sauka.
Can inda bututu ya lanƙwasa bayan inji,
ga shi nan, bai wuce ɗan yatsana ba,
waya huɗu a ƙeya, kansa duk toka,
an ɗaure shi a hanyar da wuta ke bi.
Cinsa da shansa hayaƙi.

Bai taɓa ganin kujerar fata ba,
sanyin da ke cikin motar bai san da zamansa ba.
Shinshinawa kawai, ya aika sama:
mai ya yi yawa, iska ta gaza,
an surka fetur da wani abu a tanki.

Ƙaninsa na can ƙasa,
bayan tukunyar da ke tace guba,
wadda mu a nan muke ce wa indomi.
Na ƙwanƙwasa ta da sifana. Fanko.
Wani ya riga ni, ya farke, ya kwashe,
ya kai an auna masa a sikeli,
ya liƙe da walda, babu komai a ciki.

Ashe fitilar ba ta yi wa kowa ƙazafi ba.

Na fito na ce wa Jatau hancin ƙalau yake,
ciwon a huhu ne. Na faɗi kuɗin sabuwa.
Ya kira maigida, ya ƙara murya.
"Fitila na ce a kashe,
ban aike ka karanta mini jarida ba.
Gilashina a rufe nake tafiya,
ina ruwana da abin da ke fita ta baya?"
Jatau ya dubi takalminsa, ni ma ban buɗe baki.

Na bayan kuwa na san su.
Laraba mai gasa masara a gindin gadar Kawo,
da goyon da ke barci daidai tsayin salansa.
Mai ba da hannu a shataletale,
wanda farin hankicinsa ke komawa gida baƙi.
Da Ramlatu tawa, da tari ke tashe ta kafin assalatu,
ina jin ƙirjinta ta bango
yana shaƙewa kamar tsohon kafireto,
uwarta na shafa mata man zafi a jiki.

Dabarar na iya ta, ba zan ɓoye ba.
Minti ashirin, ɗan ƙarfe da guntun waya,
sai a toshe hanci, kwamfuta ta ce lafiya lau.
Na yi wa wata a watan azumi,
na biya kuɗin haya, na yi barcina.
Ban ce ni mutumin kirki ba ne.
Yau dai hannun ne ya ƙi aiki.

Na goge masa toka da tsumma,
na mayar da shi, na ɗaure tam.
Na ce wa Jatau, "Layi na uku, wajen Sallau mai waya."
Ya tayar, fitilar ta buɗe ido,
suka fita suna fantsala ruwan kwata.
Na san kafin La'asar za ta yi shiru.

Yunana ya tsaya da tocila a kunne har yanzu.
Ya ce, "Oga, to kuɗin abincin rana fa?"
Na laluba aljihu, ɗari biyar ce, ta jiƙe da baƙin mai.
Na ce ya sayo mana masara,
ya kashe tocilar, batir ba na banza ba ne,
ni zan sa sifanu a wanki.